Ranar da Muka Jira Inji Ya Huce

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kan gaɓa daga garinmu zuwa kasuwar gunduma ya san garejin Chamnian. Rumfar kwano ce a gindin wata tsamiya, gaba kaɗan da injin casar shinkafa. Mutane Chang suke kiranta, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'ar hannu. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara takwas, kuma gidansu na kallon namu muka tashi.

Sunana Bunchuai, amma ba wanda ya san ni da shi sai takarda. Piak ake ce mini. Shekara ashirin da biyu ke nan ina jan a-kori-kura mai rumfa da benci biyu a baya, in kwashi matan garinmu da kayan lambunsu zuwa kasuwa da sassafe, in dawo da su rana tsaka.

Yaya Chamnian ba da sifana ta fara ba. Da ludayi ta fara. Ta auri wani bakanike mai suna Sawat, suka tafi Bangkok, ya samu aiki a wani babban garejin tasi. Lokacin fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu tasi suna layi a sa musu tukunyar gas. Ita kuma tana bakin ƙofar garejin tana sayar wa direbobi shinkafa da miyar kifi. Ana cikin haka ciwon sukari ya fara cin idon Sawat. Ba su faɗa wa kowa ba. Sai ta riƙa barin tukunyarta a kan wuta ta je ta tsaya a bayansa kamar mai kawo masa ruwa, ta karanta masa abin da agogon awo ya nuna, ta raɗa masa launin waya. Shi yana da kunne da ilimi, ita tana da ido. A hankali hannun ma ya koma nata. Shekara huɗu suka yi a haka. Ranar da mai garejin ya gane, ya tsaya ya kalle ta tana ɗaura bututun gas ita kaɗai, washegari ya aiko mata da rigar aiki.

Da Sawat ya mutu ta dawo gida da 'yarta ɗaya da akwatin ƙarfe mai nauyin mutum biyu. Gajeruwa ce, gashinta a yanke, tabaraunta ɗaure da robar taya. Ba ta da daɗin baki. Idan ka kai mata mota ba ta taɓa ta sai ta gama yi maka tambayoyi kamar ɗan sanda, kuma in ka yi ƙarya za ta gane.

Ita ta sa wa motata gas. Tukunyar na ƙarƙashin bencin hagu. Motar da fetur take tashi, in inji ya ɗauki ɗumi sai ta juya kan gas da kanta. Akwai ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai fitila: ja fetur, kore gas. Ranar da ta gama aikin ta riƙe makullin ta ƙi ba ni.

"Piak, buɗe kunnenka. Gas busasshe ne, ba shi da maiƙo irin na fetur. A hankali yake cin mazaunin bawul, 'yar ƙofar nan da ke buɗewa da rufewa a kan inji. Kowace shekara ka kawo ta ta kwana a nan, in saita ta da safe tana da sanyi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Shekarar farko na kai, ta biyu ma na kai. Daga nan na daina, don duk ranar da motar ta kwana a gareji sai wani direba na ƙauyen gaba ya kwashe mini fasinja. Mota na tafiya lafiya, me zan je nema?

A damina ta shida ta fara rawa. Da safe ta tashi sumul. In mun yi 'yar tafiya fitila ta koma kore, sai in ji sitiyari na karkarwa a hannuna, inji na tari, in taka totur ta yi kamar mai jan ƙafa. Kunyar shekarun da na tsallake ta hana ni zuwa wurin Yaya. Na kai ta wani gareji a cikin gari. Mutumin ya canja fulogi huɗu, bayan mako ya canja koyil biyu, masu ba fulogi wuta. Ya tashe ta da sanyi a kan fetur ya ce in saurara.

"Ka ji? Injinka garau yake. Aikin gas ɗin ne na banza. Wa ya sa maka?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce shi ya san miya mata ke haɗawa. Na ce masa ai wani lokaci ko na mayar da ita fetur tana ɗan rawa. Ya ce dattin gas ɗin ne bai gama fita ba. Na yarda, don maganar ta yi mini daɗi.

Bayan kwana goma, muna hawan doguwar gadar nan ta kan magudanar ruwa da mata goma sha ɗaya da kwandunan kabewa, motar ta yi tari biyu ta mutu. Kafin in danne birki sosai ta zame baya ta daki ƙarfen gefen gada. Kaka Thongbai, mai sayar da ganyen miya, ta faɗo daga benci ta karye a wuyan hannu. Da ƙarfen ya saki, da yanzu wani ke ba da labarin nan.

Tsoro ya sa na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. A tsakiyar kasuwa na tsaya ina ɗaga murya cewa gas ɗin Chamnian ya kusa kashe mu, cewa ta ɗaura mana ajali a ƙarƙashin benci. Kafin yamma magana ta zaga ƙauyuka uku. Masu kai mata babur ma suka janye. Ba ta zo ta same ni ba. Ta dai aiko maƙwabciyarta da kalma biyu: "Kawo ta." Ban kai ba. Na ja motar na ajiye a ƙarƙashin gidanmu da ke tsaye kan dogayen ginshiƙai, da niyyar in rani ya yi a cire gas ɗin gaba ɗaya. Mako uku in na hango ta a hanya sai in canja lungu.

Sai kogin Yom ya kawo.

Mun saba da ruwa, kowace shekara yana shigowa ya lashi ƙafar gidaje ya koma. Amma ran nan da ƙarfe bakwai na safe lasifikar gari ta ɗauka da muryar Dagaci Sanoe, yana haki. Ya ce gaɓa ta ɓalle a sama da mu, ruwan na tahowa ta gonaki, kowa ya nufi haikalin kan dutse. Tafiyar kilomita tara ce. Kafin gindin dutsen akwai wani kwari da ruwa ke fara yankewa, bayansa kuma hawa mai lanƙwasa uku, tsaye kamar tsani.

Dagaci ya zo gidana da kansa a kan babur. Ya ce masu ƙafa za su bi tarakta da babura, amma akwai mutum ashirin da shida da sai an kwantar ko an jingina, kuma motata ce kaɗai mai rumfa da ta rage a gari. Sahu uku. An ce ruwa zai rufe kwarin wajen ƙarfe biyu.

Na ce, "Ba matsala, a kan fetur zan ja ta. Gas ɗin ne mai laifi."

Innata na kwance a sama, shekara biyu ba ta taka ƙasa ba, amma kunnenta ras. Ta ƙwala kira ta tsakanin katakon daɓe.

"Piak! Ni ba zan hau motar da Chamnian ba ta duba ba. In girman kanka ya fi ƙarfin wuyanka, bar ni a nan in jira ruwan."

Dagaci ya kalle ni, na kalli ƙasa. Na shiga mota.

Na tarar da Yaya a gareji a kan tsani tana ɗora kayan aikinta a kan azarar rumfa, ko rabi ba ta kai ba. Ta sauko a hankali, ta goge hannu. Na fara haɗa gaisuwa, ta katse ni.

"Yaushe take farawa?"

"Da zarar fitila ta koma kore, Yaya."

"Yaushe fitila ke komawa kore?"

"In inji ya yi ɗumi."

"To gas ne ke sa ta rawa, ko zafi?"

Wata uku ina fama, ban taɓa raba abubuwan nan biyu a kaina ba.

Ta shiga gefen direba, ta danna maɓallin ta kulle motar a kan fetur. Muka bi kan gaɓa tana ba ta wuta, ta kai injin casa ta juyo, ta sake komawa. Fitila ja, ba ɗigon gas a cikin inji. A zagaye na uku allurar zafi ta hau tsakiya, sai sitiyari ya fara karkarwa a hannunta. Ba ta kalle ni ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A gareji ta bar inji a silo ta buɗe bonet. Ta zare wayar koyil na farko, inji ya ƙara rikicewa, ta mayar. Na biyu ma haka. Da ta zare na uku, ko gezau, rawar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

"Ga malalacin nan. Uku ke aiki, shi yana barci."

Ta kashe, ta musanya koyil na uku da na ɗaya, ta sake tayarwa. Barcin bai bi koyil ba, ya tsaya a silinda ta uku. Ta kwance fulogin ta juya shi a haske, sabo fil. Ta mayar, ta yago takardar kalanda ta zagaya baya ta kara a bakin salansa. Takardar na kaɗawa waje, sai can ta manne ciki, ɓat, kamar an tsotse ta, ta sake saki. Ta ɗauko agogon awon matsi ta ɗaura a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya, ni ina murza makulli. A sauran ukun allura ta hau. A silinda ta uku ta tsaya ƙasa da rabi.

"Bawul ɗin fitar hayaƙi ba ya rufuwa. Mazauninsa ya cinye, ya nutse, 'yar tazarar da ake bar masa ta ƙare. Da sanyi yana rufuwa da kyar. In ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, sai ya tsaya a buɗe. Rabonka da kawo ta saiti?"

"Shekara huɗu."

"Ai na ƙirga."

Na tambaye ta ko zai gyaru. Ta ce abu biyu ne. In matsewa kawai ya yi, aikin rabin awa ne. In kuwa bakinsa ya riga ya ƙone, sai an sauke kan inji, kwana uku. Kuma ba za ta sani ba sai ta saita ta sake awo, saiti kuma ba a yinsa a kan inji mai zafi, don ƙarfe mai zafi ƙarya yake yi.

"Har yaushe?"

"Da son raina ne, sai gobe. Yau dai, sai na iya ɗora tafin hannu a kai in ƙirga ashirin."

Ƙarfe tara da 'yan mintuna. Na rarumi bokiti na nufi randa. Ta sha gabana.

"Zuba ka gani! Ka fasa kan inji, sai ka goya innarka a baya ka hau dutsen."

Ta kwance murfin bawul da tsumma a hannu don zafi ya samu hanyar fita. Ta jawo fanka, ta danna, shiru, an riga an yanke wuta. Ta miƙo mini murfin kwali, ta ɗauki faifan shiƙar shinkafa, muka tsaya muna yi wa inji fifita kamar mai jego.

Ba jimawa mutane suka fara taruwa. Tarakta na wucewa ɗauke da buhunan shinkafa da kejin kaji, kowa ya rage gudu ya leƙo. Kawu Chalo, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a wurin makoki, ya tsaya da saniyarsa.

"Af! Ashe zazzaɓi take yi? Chang, ko a dafa mata citta?"

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba ta wuce haƙori. Wata mata daga baya ta ce da ƙarfi, ita dai ba za a sa mijinta a motar da ke ɗauke da tukunyar nan ba. Yaya ta ci gaba da fifita.

Ƙarfe goma saura Dagaci ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce ruwan ya fi yadda aka faɗa sauri, ya riga ya shafe gonakin arewa. Muka juya muka duba. Daga kan gaɓa ana hango shi, wani jan shimfiɗi mai walƙiya yana cin koren shinkafa layi layi, ba ƙara, ba gaggawa.

"Chang, rufe ta haka nan. Ai tana tafiya. Ko da ƙafa uku ne a fara kwasa."

"A fili za ta tafi, Dagaci. A lanƙwasa ta biyu ta dutsen za ta mutu da mutum tara kwance a bayanta, ta zame kamar yadda ta yi a gada, kuma can ba ƙarfe a gefe. In ma ta haye, bawul ɗin zai ƙarasa ƙonewa a sahun farko. Sauran sha bakwai fa, wa zai kwaso su?"

"In kuma kin gama jiran nan kika tarar ya riga ya ƙone?"

"To na ɓatar muku da awa biyu, sai ku ɗora mini. Ai na saba ɗauka."

Ni ne na fi kowa jin maganar. Dagaci ya goge fuska, ya ce zai sa a tattaro marasa ƙarfin a makarantar firamare don kada a ɓata lokaci gida gida, ya hau babur ya tafi.

Ban taɓa sanin ƙarfe na da taurin kai haka ba. Hannuna ya sage, na canja hannu, ya sake sagewa. Kowane minti biyar ta kai bayan yatsa ta taɓa ta janye. Yayyafi ya fara, iska mai sanyi ta shigo rumfar, ta ce mu tura motar baki don iskar ta daki inji amma kada ruwa ya taɓa shi. Kwaɗi da kunamu suna hawowa kan gaɓa daga gona. Na ce mata ta bar mini fifitar ta je ta ƙarasa ɗora kayanta.

"Hannu biyu sun fi ɗaya. Kaɗa."

Bayan ƙarfe goma da rabi ta ɗora tafin hannu. Na ga leɓenta na motsi. Ta ƙirga zuwa sha huɗu ta janye. Bayan minti goma ta sake, wannan karon ta kai ƙarshe.

"Bai kai sanyin da nake so ba. Zan ɗan ƙara masa sarari."

Ta fito da ganyayen awonta, siraran ƙarafa a haɗe kamar mafici, kowanne da kaurinsa. Ta sa na juya inji da sifana har ta ce tsaya. Ta zura ganyen da ya dace a kan bawul na uku, ya ƙi shiga. Ta koma wanda ya fi shi siranta, ya ƙi. Ta zaɓo na ƙarshe, wanda bai kai takardar sigari kauri ba. Shi ma ya lanƙwashe a waje. Ta kira Kawu Chalo da matar nan da ta yi magana.

"Ku matso ku gani da idonku, kada gobe a ce miya na haɗa."

Ta sassauta noti, ta juya sukurun a hankali har ganyen ya shige yana ɗan ja, ta ɗaure. Sauran ukun na hayaƙi ma duk sun matse, ta bi su ɗaya ɗaya. Gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta ɗaura agogon awo a silinda ta uku.

"Murza."

Na murza. Daga inda nake ba na ganin allurar, fuskarta kawai nake gani ta ƙarƙashin bonet. Ta daɗe tana kallo.

"Sake."

Na sake. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Bai kai 'yan'uwansa ba, amma ya tashi. Zai kai mu."

Da muka rufe muka tayar, inji ya zauna lafiya lau. Sai na dubi allurar fetur, ta kusa kwanciya ƙasa. Mu masu gas ba ma cika tanki, ɗan na tayarwa muke zubawa, kuma zagayen safe ya shanye rabinsa. Ko sahu ɗaya ba zai kai ba, gidan mai kuwa yana hayin ruwa. Tukunyar gas ce cike, tun ranar gada ba a taɓa ta ba. Yaya ta ga inda nake kallo. Ta miƙa hannu ta taga ta danna maɓallin, ta zagayo ta zauna kusa da ni da akwatin sifanu a cinya. Ta bar garejin a buɗe.

A makaranta muka shimfiɗa tabarmi tsakanin benci, muka kwantar da huɗu, biyar suka jingina, da masu riƙe su. Da aka ji a kan gas za a tafi, wasu suka ja baya. Kaka Thongbai ce ta fara takowa, hannunta rataye a wuya, ta zauna daidai kan tukunyar.

"Ni na riga na biya kuɗin motar nan da ƙashina. In za ta tashi da mu, ni zan riga ku isa sama. Ku shigo, 'yan tsoro."

Aka shigo. Innata na cikin sahun farko.

A kwarin ruwa ya fara lasar kwalta. Muka wuce. A gindin dutse na sa giya ta biyu, fitila kore tana kallona. Lanƙwasar farko ta haye. A ta biyu, inda hanya ke miƙewa tsaye, na ji ƙafata na rawa a kan totur, na kasa bambance tawa ce ko ta inji.

"Rawar taka ce," in ji Yaya. "Sa ta ɗaya, kada ka ɗaga ƙafa."

Motar ta yi gurnani ta ci gaba da hawa, ba tari ko ɗaya. Da muka shiga harabar haikali sufaye suka taho da gudu suna tattare mayafansu, suka kama sauke mutane.

Sahu na biyu ruwa ya kai rabin taya. Na uku, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, kwarin ya zama kogi, ba a ganin inda kwalta ta ƙare. Mutum takwas ne a baya. Yaya ta leƙa ta auna tsayin ruwan da bututun shan iskar inji, ta sauka, ta karɓi gora a hannun wani, ta shiga ruwan har cinya tana dogarawa a gabana.

"Bi bayana, a hankali, kada ka bari ta mutu!"

Na bi ta taku taku. Ruwa na tura motar gefe, ina jin tayar baya na neman saki. Sau ɗaya Yaya ta zame ta nutse har ƙirji, na ƙwala ihu, ta dafa gorar ta miƙe ta ci gaba ba ta ko waiwayo ba. Da tayoyin gaba suka taɓa busasshiyar kwalta, matan da ke baya suka fashe da kuka.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a kan dutse. A yammacin farko, ana rabon shinkafa da gwangwanin kifi a babban zaure, na je gabanta na durƙusa, na haɗa tafuka a goshi. Na faɗa da ƙarfi yadda na faɗi wancan a kasuwa: cewa aikinta ba shi da aibu, ni na ƙi kai mota saiti shekara huɗu, ni na karya hannun Kaka Thongbai, na kuma ɗora mata. Tana zaune a lulluɓe da bargo tana rawar sanyi. Ta dube ni ta ce, "Tashi, kana tare wa mutane layi." Ban san ko yafewa ce ba. Sai da safe, da ta turo mini rabin ayabarta, na ɗan samu natsuwa.

Da ruwa ya janye muka je garejin. Duk abin da ba ta kai ga ɗorawa ba ya kwana goma a cikin laka: injin iska, injin walda, da 'yar na'urar da take saita gas da ita, wadda ta zo da ita tun daga Bangkok. Na'urar ba ta sake kamawa ba. Mako biyu ina zuwa muna wanke sifanu da kananzir. Daga baya ta sauke kan injin motata, ta nuna mini bakin bawul ɗin, ya fara cin wuta ta gefe ɗaya, saura ƙiris. Ta canja shi da mazauninsa.

Mutane sun dawo mata, amma ba duka ba. Har yau akwai masu cewa gas ne, don sun ji maganata ta kasuwa, ba su ji ta haikali ba.

Yanzu ta haura sittin da biyar. Masu sa gas sun ragu, samari sun koma babura da motoci masu batir. Bara 'yarta ta zo daga Chonburi ta ce ta rufe garejin ta koma wurinta ta huta da jikoki. Yaya ta ce za ta yi tunani. Bayan mako biyu na gan ta da sassafe a bakin hanya, sanye da farar riga mai guga, riƙe da sabon littafin rubutu, tana tsayar da ni. Wai kwalejin sana'a ta gunduma ta buɗe ajin gyaran motar lantarki na ranar Asabar, ta sa sunanta.

Na ce, "Yaya, a shekarunki? Ai duk 'yan ajin jikokinki ne."

Ta hau gaba ta ja ƙofa.

"Shi ya sa zan zauna a layin farko, su ba su san abin da za su tambaya ba. Ja mu tafi, ƙarfe takwas ake shiga."